Na Hana Ɗana Ɗaga Ƙarfe a Fili, Ya Koma Ɗagawa a Bayan Injina

Lokacin da abin nan ya faru ina da injin niƙa a Rikoto, cikin Zuru. Mijina soja ne. An tura shi aiki gabas bai dawo ba, jakarsa kawai aka kawo mini. Ya bar ni da ɗa guda, namiji. Ban yi makaranta ba, wannan ma faɗa nake yi 'yar ƙanwata tana rubutawa. Tun ina ƙarama nake sauko da itace daga kan dutse a kaina, har yau wuyana bai yafe mini ba, kuma na girma da yardar cewa kaya ne ya danne ni na zama gajeriya. Ba ni da yawan magana, ba ni da saurin yarda da mutum. Abin da duniya ta koya mini shi ne duk wanda ya ba ka abu kyauta, akwai abin da yake hange a bayanka.

Yaron nawa yana cikin shekara ta sha huɗu a lokacin, siriri kamar karan dawa. Ranar bikin Uhola na gargajiya sa'anninsa na kokawa, shi yana gefe yana riƙe musu riguna. Sai na lura da yamma in ya taso makaranta ba ya tsayawa taya ni a inji. Ya dawo da gumi, ya cinye tuwon da a da sai na yi masa tsawa yake taɓawa. Na tambaye shi, ya ce wurin Baba Saje yake zuwa. Wani tsohon soja ne a unguwarmu da ya yi ritaya, yana tara yara a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa yana koya musu ɗaga ƙarfe. Na ce nawa ake biya, ya ce ko sisi. A nan na fara zargi.

Me zai sa babban mutum ya tara 'ya'yan wasu kullum ba a biyansa? Na lissafa abin da na sani. Ko dai yana haɗa wa 'yan siyasa ƙarti ne kafin zaɓe, ko yana ba su ƙwayar nan da ke sa yaro ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ko kuma, wanda ya fi tsaya mini a rai, yana shirya su shiga soja. Na riga na ba soja mutum ɗaya. Na fara lalube aljihun yaron in ya shiga wanka. Ina shinshina bakinsa in ce ina duba haƙori. Ina kallon ƙwayar idonsa. Ban sami kome ba, sai na ce a raina lallai gwanaye ne wajen ɓoyewa.

Wata rana na kashe inji na bi shi a baya, na laɓe jikin katangar wani gida. Abin da na gani bai kai abin da na zo nema ba. Manyan samari ne ke ɗaga ƙarfe na gaske. Ƙanana irin ɗana sandar gora ce a hannunsu, sai 'yan gwangwanayen madara da aka cika da siminti. Tsohon yana zagayawa yana gyara wa wannan baya, yana buɗa wa wancan ƙafa. Wani yaro ya miƙa hannu zai taɓa ƙarfen manya, ya daka masa tsawa ya ce ƙashinsa bai nuna ba tukuna. In wani zai ɗaga a kwance, sai mutum ya tsaya a kansa. Da mai hankali ne, da ya koma gida da kwanciyar rai. Ni cewa na yi ya hango ni ne, shi ya sa yake wasan kwaikwayo.

Washegari na je masa a gaban yaran. Ban gaishe shi ba. Na ce ya fita harkar ɗana, ba zan bari ya tsumburar mini da yaro ba, ya mai da shi guntu kamar turmi, sannan ya miƙa shi bakin bindiga. Bai ɗaga murya ba. Ya kira ni matar ƙanensa, don ya san mijina a bariki. Ya ce ƙarfe daidai kima ba ya hana tsawo, ya nuna mini wani dogon saurayi ya ce in tambaye shi tun yaushe yake zuwa, yaran suka kwashe da dariya. Dariyar nan ta ƙara tunzura ni. Da na ja hannun ɗana za mu tafi, ya ce in ji magana ɗaya: yaron da ya ɗanɗana abin nan ba zai bari ba, gara ya yi a inda ido yake. Na ɗauki maganar a matsayin barazana. Na kai ƙararsa wurin fastonmu, na kuma zuga mata a zumuntar matan coci, wasu suka janye 'ya'yansu.

Yaron bai yi mini musu ba. Ya dawo zaman inji, yana auna hatsi yana share gari. Na ce na yi nasara. Sai wani abu ya fara damuna. A bayan shagon injin ina tara tsofaffin duwatsun inji, faya-fayan ƙarfen nan masu nauyi da rami a tsakiya waɗanda ke niƙa hatsi, in sun cinye in ajiye wa 'yan gwangwan. Na ga suna raguwa. Na zargi mai facin taya da ke kusa da ni, har muka daina gaisawa. Na zargi almajirin makaniken da ke gyara mini inji. Daga baya na ce ai tsohon sojan ne ke aiko yara su sace masa. Kowa na zarga a unguwar nan ban da wanda ke cin tuwo a gabana.

Ashe shi ke kwashewa. Akwai wani kango a bayan injin, ciyawa ta rufe shi. Can ya kai su, ya samo bututun ƙarfe na famfo ya zura su gefe da gefe. Duk ranar kasuwa in na tafi sayen mai, shi da wani abokinsa su shiga su yi gasar wanda zai fi ɗaga mai yawa. Babu mai ce musu ya isa. Babu abin da ya tare faya-fayan a bakin bututun. Ran nan har na dawo shago suna can ban sani ba, yana kwance a kan benci ya tura ƙarfen sama, faya-fayan gefe ɗaya suka zube, bututun ya wuntsila da hannunsa na dama. Abokin ya tsallake katanga ya gudu.

Duk wannan daga baya na ji. A ranar dai ya shigo da riga mai dogon hannu cikin zafin bazara, yana cin abinci da hagu. Ya ce daga kan mashin ɗin kabu-kabu ya faɗo, targaɗe ne. Ban yarda ba, amma ba gaskiyar na hango ba. Na ce ya koma wurin tsohon ne a ɓoye aka ji masa ciwo. Ya rantse bai je ba, na ce an koya masa rantsuwar ƙarya. Na kai shi wurin mai ɗori aka ja aka ɗaure da kara. Kwanaki suka wuce, gwiwar hannun ta kumbura kamar kabewa, yatsun suka fara sanyi.

Na ɗauki taɓarya na nufi gidan Baba Saje. Ya bar ni na gama zagi. Sannan ya ce in kai shi ya ga yaron. Da ya ga hannun bai tambayi wa ya yi ba, cewa ya yi me ka ɗaga, kuma wa ya tsaya a kanka. Yaron da ya ƙi buɗe mini baki ya fashe da kuka ya faɗa masa kome, ina tsaye da taɓarya a hannu. Na ce me ya hana ka faɗa mini. Ya ce Mama, ke ba tambaya kike yi ba, kin riga kin yanke. Tsohon ya ɗora shi a mashin ɗinsa sai asibiti.

Likita ya ce karayar a gwiwar hannu take, daidai wurin da ƙashin yaro ke ƙara tsawo, kuma mun makara. Na tambaye shi ko ɗaga ƙarfe ne bai dace da yara ba. Ya ce yaro zai iya, in mara nauyi ne, a hankali, kuma a gaban wanda ya san abin. Abin da ke karya su shi ne nauyin da ya fi ƙarfinsu, da gasa, da rashin mai tsaro. An yi aiki, hannun ya tsira, amma har yau ba ya miƙewa sosai. Yanzu ya zama saurayi, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Sa'anninsa sun je neman soja, shi ko layin bai shiga ba, ya san da wannan hannun ba za a ɗauke shi ba. Wata mata ta ce mini ai burina ya cika. Ba haka na roƙa ba.

Na je na ba tsohon haƙuri, a tsaye, cikin kalmomi kaɗan, don ban iya doguwa ba. Har yau ban zama mai saurin yarda ba, kuma ba zan ce wa kowace uwa ta miƙa ɗanta ga duk wanda ya aje ƙarfe a ƙofar gida ba. Akwai masu ba yara ƙwaya, akwai masu loda musu nauyi don a yaba musu. Ku yi zargi, haƙƙinku ne. Amma ku je ku zauna a fili ku kalla, ku tambaya, kuma in an ba ku amsa ku saurara. Ku duba ko ana fara wa yaro da mara nauyi, ko ana hana shi gasa, ko akwai babba a tsaye a kansa. In kun ga haka ku bar shi. In kun hana shi, kada ku ɗauka shirunsa biyayya ce. Ni na tsare ɗana daga mutanen gari duka, ya karye a inda in ya yi kira zan ji, kuma tsorona ya hana shi kiran.