Na goge hotunan shanun Baffa

Yau Laraba, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, a zauren gidanmu a Batsari. Baffa, yayan babana, ya zo daga Ruma da katin memori na wayarsa da ta fashe. An ƙwato wasu shanun sata an tsare su a Safana, gobe masu shanu za su je da shaida. Hotunan shanunsa bakwai da aka sace suna cikin katin. Ya ce in kwafe masa su a filas.

Manhajar Linux ce a kan tsohuwar kwamfutata. Wata biyu da suka wuce, don ta daina nauyi, na cire manhajar da ke gane duk abin da aka jona mata. Tun lokacin da hannu nake nuna mata kowace na'ura, da lamba, ba da suna ba.

Na jona katin da filas ɗin tare. Filas ɗin na yi niyyar sharewa tukuna, sai na yi kuskure na rubuta lambar katin.

Baffa ya ce, "Ɗan boko, ka ga baƙar saniyar nan mai karyayyen ƙaho?"

"Baffa, na goge su. Duka."

Ya miƙe tsaye.

"To, ai na san abina. Su ma sun san muryata."

Ya bar mini katin, ya tada babur.

Har yanzu ban sani ba ko hotunan za su dawo. Ban sani ba ko za a karɓi murya a matsayin shaida. Ban ma sani ba ko shanunsa na cikin waɗanda aka ƙwato.

Wanda ya san dabara, don Allah ya yi magana kafin gobe.