Kwana Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata ce, mako uku bayan Babbar Sallah, ƙarfe goma da kwata na safe. Mu biyar ne a ɗakin likitan yara: likita, ni, matata, mahaifiyata da muke kira Inna, sai 'yarmu mai shekara tara kwance a gadon gwaji, an ɗaura mata abin awon jini a dantse. Sa'a biyu kafin nan ta yi jijjiga a tsakar gidanmu na unguwar Ridina, idanunta suka kafe. Likitan ya fara da Larabci, wanda dukanmu muke ji. Da ya ji a gidan rediyo nake aiki sai ya juya Faransanci, ya bar mini fassara.

Fassara ce sana'ata a lokacin. Ana miƙo mini sanarwa da Faransanci, in mayar da ita Hausa, in karanta. Ban taɓa rage jimla ba, kuma ina alfahari da haka. Cikin abubuwan da na karanta da bakina har da wadda ta ce in yaro ya tashi da kumburin fuska a kai shi asibiti, kada a jira.

Ga abin da ya faru kafin Talatar. Ana saura kwana kaɗan Sallah yarinyar ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. Ya wuce da kansa, muka manta. Bayan Sallah da kwana goma ta tashi fatar idonta ta yi nauyi, kumatu sun cika. Gidanmu gidan mahauta ne tun kakanmu, wanda ya taso da niyyar Makka ya tsaya a nan yana sayar da nama. A irin wannan gida, yaro ya yi kumatu abin murna ne.

Inna ta ce, “Takwarata, naman Sallah ya karɓe ki.”

Yayana, mai teburin nama a kasuwa, ya ja kumatun ya ce, “Ku ci gaba da ba ta romo, mun samu ragon baɗi.”

Na yi dariya tare da su. A rana ta uku matata ta kira ni bayan ɗaki ta nuna mini fitsarin yarinyar a cikin fo. Kaɗan ne, launinsa kamar shayin da ya daɗe a wuta.

Ta ce, “Malam, wannan ba ƙiba ba ce.”

Na duba agogo. Ina da shiri ƙarfe tara. Na ce zafin rana ne, a ƙara mata ruwa. Da Inna ta ce kunun kanwa zai wanke mata mara, ni na tsaya a kasuwa na sayo kanwar, ungurnu mai kyau, na zaɓi dunƙulen da ya fi fari. Kwana takwas tana shan kunun nan safe da yamma, da romo mai gishiri a kai. Sau biyu matata ta sake yi mini maganar asibiti. Sau biyu na ce sai Asabar.

Likita ya ɗauki takarda ya zana ƙoda. Ya yi bayani, na bi shi jimla bayan jimla. Na ce wa Inna a cikin ƙoda akwai rariya mai ƙananan idanu, ita ke tace jini. Lokacin ciwon maƙogwaro jiki ya tura masu tsaronsa, fararen ƙwayoyin jini, suka yaƙi cutar suka ci nasara. Amma ɓurɓushin yaƙin ya bi jini ya maƙale a rariyar, masu tsaron suka bi shi can suka taru, suna faɗa a wurin da babu abokin gaba. Rariya ta kumbura, ta yage a wasu wurare. Jini yana zurarewa cikin fitsari, ruwa da gishiri kuma sun rasa hanyar fita, su ne suka cika mata fuska, su ne suka sa jininta ya hau har ta yi jijjiga.

Inna ta ce, “Wato jikinta ne ke cin ta?”

Na ce, “Kusan haka, Inna.”

Sai likita ya ajiye alƙalami ya tambaye ni yaushe kumburin ya fara, kuma me take ci. Ya ce yana bukatar sani domin ya gane ko ciwon yana kan hauhawa ne ko ya kai ƙarshensa, a kan haka zai tsara magani.

Wannan tambayar ban fassara ta ba. Na amsa da Faransanci, da muryar nan tawa ta karanta labarai, na ce kwana huɗu. Ban ambaci kanwa ba.

Na daɗe ina neman dalilin da zai rage mini nauyin wannan amsa. Na taɓa gaya wa kaina Inna nake karewa, kada ta ji kununta ya ƙara ciwon. Ba gaskiya ba ne. Likitan ya san muryata, ya faɗi haka da muka shigo, kuma ban so ya san mai karanta sanarwar ya bar 'yarsa kwana goma sha ɗaya ba.

Matata ba ta yi lekol, makarantar boko, ba, amma ta san ƙidayar Faransanci daga kasuwa. Ba ta dube ni ba. Ta dubi likita ta ce da Larabci, “Kwana goma sha ɗaya ne. Fitsarin ya sauya tun rana ta uku. Tana shan kanwa.”

Likita ya soke abin da ya rubuta da layi ɗaya, ya rubuta sabo a samansa. Daga nan bai ƙara yin Faransanci ba. Da matata ya yi sauran maganar: ba gishiri, ba kanwa, ba romo, ruwa sai an auna, fitsari a tara a kwalba a nuna kowace safiya.

Inna ta ja hannun rigata ta ce, “Kai, me ka ce masa da farko?”

Na ce, “Na yi kuskuren lissafi.”

Matata ta ji.

Yarinyar ta kwana goma sha shida a asibiti. Kumburin ya sace, fitsari ya washe a hankali. Shekara biyu ina kai ta awon jini farkon kowane wata, kuma a kowane zuwa matata ce ke amsa tambayoyin likita.