Fason Tayar Alhaji

Da na yi shiru da bakina, da Alhaji yana nan har yau? Malamai sun ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma tambayar ba ta bar ni ba.

Mijina direban babbar mota ne tsakanin Maradi da Kwatano, har tsufa ya sauke shi. Ɗanmu da ke karatu a jami'a ya kawo mu Greensboro a Amurka, muka zauna a wani ƙaramin gida a unguwar Glenwood. Zama ya ishi Alhaji. Sai ya sayi tsohuwar tirela, irin mai gado da murhu a ciki da ake ja da mota, wai zai kai ni in ga teku. Ba mu da wurin ajiye ta, sai ta zauna a gonar Baturen da ya sayar masa, a McLeansville.

Baturen ya ce a canza tayoyin, sun daɗe a tsaye cikin rana. Alhaji ya yi dariya. Ya zura tsinken ashana cikin zanen tayar, ya nuna mini zurfinsa.

"Hajiya, dubi nan. Sabuwa fil! A gida da irin wannan sai in je Agadas in dawo."

A wurinmu hanya ce ke cinye taya. Bai taɓa ganin wadda ta mutu a zaune ba, don babu mai barin taya ta zauna.

Ni ce na ga tsagar, ranar da na je share cikin tirelar. Gefen tayar duk ya daddare kamar diddigen tsohuwa.

"Alhaji, tayarka ta yi faso."

"To shafa mata man kaɗanya mana," in ji shi.

Ban bar maganar ba. Da safe in yi, bayan la'asar in yi. Na ce ƙafata ba za ta shiga ba, balle jikokina. A ƙarshe ya sakko. Ɗanmu ya ce, "Baba, ka bari ranar Asabar mu kwance tayoyin, mu kai a bayan mota." Ya ce shi bai taɓa jin direban da ya ɗauki taya a ka ba, mota ake kai wa mai faci.

Ya je gonar ya ɗaura tirelar a mota. A babbar hanya tayar ta fashe, kafin ya kai shagon. Tirelar ta fizgi motar, suka kife tare. Ban tarar da shi da rai ba. Allah ya jiƙansa. Har yau ban ga tekun ba, ba na kuma so.

Da zai fita da hantsin nan, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula, ya ce:

"Ɗora mini ruwan shayi, Hajiya. Yanzu zan dawo da sababbi, in huta da maganar faso."