Dalhatu Mai Buɗe Waya

A Rano, idan ka tambayi Dalhatu mai gyaran waya, za a nuna maka wata rumfar kwano kusa da tasha, sannan a ja maka kunne: in kana sauri, kada ka tambaye shi abin da ya lalata wayarka. Ka miƙa, ka yi shiru, ka karɓa. Wanda ya yi kuskuren tambaya, motar Kano za ta cika ta tashi ta bar shi yana shan bayani.

A ƙauyen Saji aka haife shi, gidan manoma. Yana ɗan firamare ya kwance rediyon mahaifinsa, Malam Lado, da wuƙar yankan albasa, wai yana neman inda mai karanta labarai yake zama. Bai same shi ba. Ya mayar da rediyon yadda take, ta kuma yi magana, amma wasu ƙananan kusoshi suka yi saura a tafin hannunsa. Malam Lado ya dube su ya dube shi, ya ce, "Ko dai masu ƙerawa sun yi almubazzaranci, ko kai ka yi ɓarna. Allah ne ya sani." Tun daga nan aka fara ɓoye masa agogo da cocilan.

Da ya gama sakandare aka tura shi Kano koyon gyaran waya. A can ya haɗu da wani malamin kwamfuta mai suna Maharazu, wanda yake kawo wa maigidansu aiki. Shi ne ya fara gaya masa cewa manhajar da take tafiyar da waya iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ya kulle, ba ka ganin cikinta, ba ka da ikon taɓa ta. Akwai kuma wadda masu ita suka sake, kowa ya buɗe ya duba, ya gyara abin da bai yi masa ba, ya ba maƙwabcinsa. Maharazu ya faɗi wannan ne yana jiran a canja masa batir. Bai san ya kunna wutar da ba za ta mutu ba.

Dalhatu ya dawo Rano da akwatin kayan aiki da kuma wa'azi. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji.

"Alhaji, wannan wayar taka ce?"

"Tawa ce mana. Ko an ce maka sato ta na yi?"

"To cire mini wannan manhajar ta talla da ta zo da ita."

"Ai ba ta ciruwa."

"Ka ji! An sayar maka da gida, an riƙe makullin ɗaki ɗaya, kuma akwai mutum a ciki yana leƙenka."

In manomi ne, sai ya sauya salo, ya ce wayar zamani kamar irin nan ne na kanti da ake shukawa sau ɗaya, in ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi ba ya yin kirki, dole ka koma wurin mai shi. Manoma sukan gyaɗa kai, don wannan sun san zafinsa. Daga nan sai su tambaye shi ko cajin ya cika.

Babu abin da yake tayar masa da hankali kamar wayar da aka liƙe bayanta da gam. Yana gasa ta a hankali don ta buɗe, yana yi mata faɗa kamar akuyar da ta shiga gona. Shi kuwa tasa wayar tsohuwa ce, an ɗaure bayanta da roba, ya zuba mata buɗaɗɗiyar manhaja da hannunsa. Tana da 'yanci ƙwarai. Wani lokacin har 'yancin ƙin karɓar kira take da shi.

Mutum ɗaya ne ba ya gyaɗa masa kai, wato amininsa Shamsuddeen, mawaƙin biki daga Kibiya. Shamsuddeen yakan je Kano ya ɗauki waƙa a situdiyo, kafin ya dawo gida ya tarar da ita a wayar kowane ɗan acaɓa, ba tare da kowa ya ce masa sannu ba. Don haka da wani ƙaramin kamfani ya fito da manhajar sayar da waƙoƙi, wadda take kulle waƙa ta yadda ba ta turuwa zuwa wata waya, shi ne na farko da ya kai nasa duka.

"Ka kai 'ya'yanka gidan yari," in ji Dalhatu.

"Na kai su inda ba a sace su," in ji Shamsuddeen. "Kai da kake cewa komai a sake, me ya sa ba ka gyara waya kyauta?"

"Ai ba kyauta nake nufi ba. 'Yanci nake nufi. Wanda ya sayi waƙarka, ya saurare ta a inda ya ga dama."

"Inda ya ga dama shi ne wayar ƙaninsa, da ta surukinsa, da ta duk wanda suka hau mota ɗaya. Waƙar nan ita ce gonata, Dalhatu. Ka taɓa ganin gonar albasa ba shinge?"

Haka suke yi duk ranar da Shamsuddeen ya shigo Rano. Mai shayin da ke gefensu ya ce cinikinsa yana ƙaruwa in sun haɗu, don mutane sukan zauna kallo.

Karon farko da Dalhatu ya sha kaye, ba a hannun Shamsuddeen ba ne, a gida ne. Matarsa Jumai tana ɗinki, kuma da wayarta take ɗaukar hoton kayan da ta ɗinka ta tura wa masu saye. Wata rana ta tafi barka Zinyau ta manta wayar a caji. Dalhatu ya daɗe yana kallon wayar nan da tausayi. Ya ɗauke ta, ya goge manhajar kamfani, ya zuba mata irin tasa. Da Jumai ta dawo, ya miƙa mata yana murmushi kamar wanda ya kawo tsaraba.

Wayar ta ƙara sauri, talla ta ɓace. Amma kyamarar ta koma fitar da komai kore. Jan leshi kore, farar shadda kore, har fuskar 'yarsu Rukayya.

Jumai ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Baban Rukayya, kullum ina jin ka kana cewa wayar mutum tasa ce, ba mai ikon taɓa ta sai da yardarsa."

"Haka ne."

"To wannan ta wa ce?"

Ya sauke ido kan wayar da ke hannunta.

"Kamfanin dai aƙalla sun nuna mini wani dogon rubutu na danna na yarda," in ji ta. "Kai ko wannan ba ka yi ba."

Ya wuni yana mayar mata da tsohuwar manhajar, da tallarta da komai. Labarin kuwa ya riga shi isa tasha, don ƙanwar Jumai tana gidan. Kusan wata guda direbobi suna kiransa Malam Kore. Daga lokacin ba ya zuba wa kowa komai sai ya tambaya, kuma sai ya faɗi abin da zai iya lalacewa. Wannan ya ƙara wa wa'azin tsawo.

Shamsuddeen ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Amma nasa yana tafe.

Bayan damina biyu, kamfanin waƙoƙin ya rufe ba sallama. Aka wayi gari manhajar ba ta buɗewa. Waɗanda suka sayi waƙa suna ganinta a waya amma ba ta kunnuwa. Situdiyon da aka ɗauki waƙoƙin kuwa tuni kwamfutarsu ta ƙone, kuma Shamsuddeen bai ajiye wani kwafi ba, don an ce masa suna wuri mai tsaro. Ya zo rumfar Dalhatu da hantsi, ya ajiye wayarsa a kan tebur, bai ko yi sallama da ƙarfi ba.

"Har da wadda na yi wa Inna kafin ta rasu," in ji shi.

Duk tashar ta zuba ido a ga yadda Dalhatu zai rama. Ya ɗauki wayar ya yi ta fama da ita har azahar, kullen ya ƙi. Sai ya tashi ya nufi wurin Muntari, tsohon direban da yake jigilar Kibiya zuwa Kano, wanda motarsa ba ta tashi sai da kiɗa.

"Malam Muntari, kana da waƙoƙin Shamsuddeen?"

Muntari ya kalli Shamsuddeen, ya sosa ƙeya. "Wai ba an hana ba?"

"Yau an halatta."

Ashe Muntari yana da su. Wasu ya ɗauka da wayarsa a wurin biki, wasu kuma an kunna su a wata waya ya kara tasa ya naɗa. Ya kira 'yan'uwansa direbobi, kowa ya zaro katin waya daga aljihu, daga cikin hula, daga bayan madubin mota. A ranar kasuwar Kibiya aka samo sauran a wurin masu tura waƙa. Ba duka suka fito da kyau ba. A cikin wata ana jin hon, a wata ana jin wata mata tana cinikin tumatir. Waƙar Inna ta fito daga katin wani kwandasta, da kukan zakara a tsakiyarta. Shamsuddeen ya saurare ta a tsaye, ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Da ya natsu ya ce, "Ɓarayina ne suka cece ni."

"Ma'ajiyarka dai," in ji Dalhatu.

"Ɓarayi ne. Amma Allah ya yi musu albarka."

Kada a ɗauka Shamsuddeen ya sauya ra'ayi. Har yau yana cewa mawaƙi ba iska yake ci ba, kuma Dalhatu ya yarda da wannan, ko da yake a hankali yake faɗa. Abin da ya canja shi ne, yanzu Shamsuddeen yana sayar da sababbin waƙoƙinsa ba kulle, yana roƙon mutane a farkon kowace waƙa su ji tsoron Allah su saya, kuma yana ajiye kwafi a wurin Dalhatu. Wasu suna saye. Da yawa suna jin tsoron Allah a wasu fannonin.

A bikin 'yar Muntari ne Shamsuddeen ya biya ladan aikin. Ana tsakiyar taro ya ɗaga hannu aka sassauta kiɗa, ya ce yana da sabuwar waƙa ta amininsa. Dalhatu ya gyara zama, ya gyara hula. Sai Shamsuddeen ya fara:

"Dalhatu na Saji mai sukudireba,
Ka kawo caji, ya ba ka lacca,
Mota ta tashi, yana kan gabatarwa."

Mata suka yi guɗa. Jumai ce ta fara tashi ta yi liƙi.

Kafin sati ya zagayo waƙar ta cika Rano da Kibiya. 'Yan acaɓa suka mayar da ita ƙarar kira. Sau da yawa Dalhatu yana tsakiyar gyaran waya sai a kira mai ita, wayar ta hau rera masa sunansa a hannunsa, bencin ya fashe da dariya.

Da Shamsuddeen ya shigo gari, Dalhatu ya ja shi bayan rumfa ya yi ƙasa da murya.

"Wai ita wannan ɗin, babu yadda za a yi a ɗan taƙaita ta?"

"A kulle ta kake nufi?"

"Ban ce a kulle ba."

"Ai ita kaɗai ce na saki kyauta," in ji Shamsuddeen. "Na ce kowa ya tura, kowa ya ƙara abin da ya ga dama. Jiya na ji 'yan Zinyau sun ƙara baiti biyu. Kana so ka ji?"

Dalhatu ya ce ba ya so. Can kuma ya ce a tura masa, ya ga ko sun yi ƙarya.