Ranar da Aka Cire wa Kekena Waya

Na tuƙa keken ofis daga bakin sito zuwa Ƙofar Nassarawa na dawo, da gwiwa ɗaya mai lafiya, inji a kashe yana riƙe taya. Ranar Laraba ce, a shekarar da aka hana acaɓa a Kano. Wannan rana ba ta taɓa fita daga kaina ba.

Sunana Inuwa, masinja ne ni. Na kama aiki ina da shekara ashirin da uku. Na ga zuwan soja, na ga tafiyarsu, na ga dawowar farar hula, duk ina kan mataki na ƙasa. Ban yi boko ba. A bayan ambulan na koyi karatu, suna bayan suna. Ofishinmu na gwamnati ne, a cikin birni, ba sai na faɗi sunansa ba. Aikina shi ne kai takardu ga masu unguwanni da shugabannin makarantu da ƙananan asibitoci.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Duk takardar da za ta fita sai an rubuta ta a littafin kai saƙo. Masinja ya ɗauki takarda da littafi, ya kai, wanda ya karɓa ya sa hannu. In babu sa hannu, ba a kai ba, ko da mutumin ya karanta ta a gabanka. A cikin birni kuma ba a bin lambar gida. Za a rubuta maka "bayan rijiya, Yakasai", sauran kai ka sani. Mota ba ta shiga lungunan. Shi ya sa ofis ya ba ni keke, baƙi, irin na da mai birkin ƙarfe, an rubuta lambar gwamnati da farin fenti a jikinsa.

Dokar aiki ta ce ma'aikaci ya ajiye bayan shekara talatin da biyar. Ina da talatin da uku a aiki lokacin da gwiwata ta hagu ta tsananta. Tsohon ciwo ne, na faɗa kwata da keken a wata damina. Da safe takan yi tauri, da azahar ta kumbura. Takardar da nake kaiwa kafin sha biyu ta koma sai bayan la'asar.

Jami'in kula da ma'aikata a lokacin Malam Nafi'u ne, wanda na girme shi da kusan shekara ashirin. Wata safiya ya tare ni a baranda.

Ya ce, "Baba Inuwa, na ga kana jan ƙafa."

Na ce, "Tawa ce."

Ya ce, "Taka ce, amma takardun na gwamnati ne. Ka san akwai kwamitin likitoci."

Na sani. Kwamitin likitoci shi ne inda ake tura ma'aikacin da ake zaton jikinsa ya gaza. In suka rubuta ka gaza, an sallame ka kafin lokacinka, kuma kalmar tana cikin fayil ɗinka har abada. Na kuma san wani abu. Tun da farar hula suka dawo, kowane mai kujera yana da mutumin da yake nema wa gurbi, gurbin masinja kuwa shi ya fi sauƙin cikawa. An riga an nuna mini wanda ke jiran nawa, yana zuwa yana zama a benci.

Na kai kukana wurin Habu, mai gyaran waya da fanka a Yakasai. Sa'ana ne, sahu ɗaya muke salla. Ya saurare ni yana kwance wata fanka, bai ɗago ba. Da na gama ya jawo wani ɗan inji daga ƙarƙashin tebur, girmansa kamar gwangwanin madara babba. Ya ce daga wani babur ɗin wasan yara na gwanjo ya ciro shi, na lantarki ne, ba ya shan mai.

Asabar biyu muka yi a kai. Mai walda ya yi wa injin mazauni a ƙarƙashin kariya, wurin ɗora kaya a bayan sirdi. Habu ya ɗaura faranti mai haƙora a gefen hagu na tayar baya, ya haɗa shi da injin da gajeriyar sarƙa. Batir biyu, irin wanda ake sa wa kwamfuta don ɗaukewar wuta, muka sa a akwatin katako a kan kariya. Makunni a hannun dama, kusa da ƙararrawa. Feda da sarƙar asali ba mu taɓa su ba. Ban huda firam ɗin gwamnati ko sau ɗaya ba, na tsaya a kan wannan.

Da muka gama Habu ya ce, "Saura firiwil a bakin injin."

Firiwil shi ne abin da ke barin taya ta juya ba tare da ta ja abin da ke haɗe da ita ba. Ya ce in babu shi, ranar da batir ya mutu, ni zan riƙa juya injin da ƙafata, ga nauyin batir a baya.

Na ce, "In an samu a sa."

Ya ce, "Kai dai taurin kai ne zai kashe ka, ba gwiwa ba."

Wata biyu na yi ina aiki kamar ina ɗan shekara talatin. Da safe in karɓi batir a shagon Habu, kafin sha ɗaya na gama Yakasai da kewayenta. Keken ba shi da ƙara, don haka ƙararrawa ba ta hutawa a lungu. Masu zaman ƙofar gida suka sa masa suna keken aljanu. Littafina ya cika da sa hannu, babu takarda ko ɗaya da ta kwana.

Sai takardar tuhuma ta zo. Ni na ɗauko ta daga teburin mai buga takardu, na ga sunana a bayan ambulan, na rubuta ta a littafi, na sa wa kaina hannu. An ce na canja kamannin kayan gwamnati ba da izini ba, in bayyana gaban kwamiti ranar Laraba da ƙarfe goma.

Darakta ce ta shugabanci zaman, Hajiya Rabi, mace mai ƙarancin magana wadda ba ta daɗe da zuwa ofishin ba. Malam Nafi'u na gefenta da fayil ɗina. Aka shigo da keken har cikin ɗakin, aka jingine shi da bango.

Hajiya ta dube shi ta ce, "Malam Inuwa, wannan keke ne ko babur?"

Kafin in buɗe baki Malam Nafi'u ya ce, "Ranki ya daɗe, ko wanne ne magana ɗaya ce. In babur ne, mai kai saƙo a babur mataki ne daban, sai da lasisi da takardar sakandare. Ba shi da ko ɗaya. In kuma keke ne, me ya sa ya sa masa inji? Don ba ya iya tuƙawa. Sai mu tura shi wurin likitoci."

Ya shirya abinsa da kyau, wannan ban hana shi ba.

Na ce, "Keke ne. Kuma ina iya tuƙawa."

Hajiya ta ce, "Gwiwar fa?"

Na ce, "Tana ciwo, ranki ya daɗe. Ba ta mutu ba."

Malam Nafi'u ya yi dariya ya ce, "To a cire wayar batir, ya zaga filin nan sau ɗaya mu gani."

Raina ya ɓaci. Shekara talatin da uku, a ce in zaga fili ma'aikata na kallona ta taga kamar mai wasa da biri. Na ce ni ba na zagaye, aiki nake yi. A ba ni takardar yau mafi nisa, in kai, in dawo da sa hannu.

Hajiya ta duba tiren takardu. Mafi nisa ta Mai Unguwa ce a Ƙofar Nassarawa, gayyatar taro. Ta miƙo mini. Malam Nafi'u da kansa ya fizge wayar daga batir ya sa a aljihu, ya ce zai bi ni a motarsa.

Sai da na ɗora ƙafa a feda na tuna maganar Habu. Keken ya yi nauyi kamar an ɗaure masa buhun gero ana ja a ƙasa. Kowane juyi na taya, injin yana gurnani yana riƙewa. Da na ce a cire gajeriyar sarƙar, minti biyu ne da sifana, kuma na san Hajiya za ta yarda. Amma sai in roƙa a gaban Malam Nafi'u. Ban roƙa ba.

Na fita ƙofar ofis. Dama ta danna, hagu ta bi. Kafin in kai titi gumi ya jiƙa rigata. Na gane cewa in na tsaya ba zan iya sake tashi ba, don haka ban tsaya ba, ko a mahaɗa. Wani mai a-daidaita-sahu ya zage ni, na ba shi hanya da hannu ban dube shi ba. A rabin hanya na ji wani abu ya ɗaga a cikin gwiwar, kamar an tsinke igiya. Daga nan zafin ya daina zuwa yana tafiya, ya zauna. Motar Malam Nafi'u na bayana a hankali, ina jin ta.

Na isa. Mai Unguwa na zaune a ƙofar zaurensa da mutum uku. Masinja ba ya miƙa wa mai unguwa takarda a tsaye. Tun daga nesa kake sauka, ka jingine keke, ka cire takalmi, ka durƙusa. Haka aka koya mini, haka na yi shekara talatin da uku. Na sauka, na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi, na miƙa takarda da littafi. Ya sa hannu. Na zo tashi, ƙafa ta ƙi.

Ya dube ni ya ce, "Inuwa, yau aljanun sun yi yaji ne?"

Na ce, "An ba su hutu, ranka ya daɗe."

Ya dubi motar da ke tsaye a bakin titi, ya dubi ƙafata. Tsoho ne, ya gane. Ya rage murya ya ce a tsayar mini da a-daidaita-sahu, a ɗora keken a kai ni.

Na ce, "A'a. Lokaci kawai za ka rubuta mini kusa da sa hannun."

Ya duba agogo ya rubuta. Sannan ya ce wa ɗaya daga cikin mutanen ya matso mini da keken kusa, wai yana tare hanya. Na kama sirdi da hannu biyu na ja jikina sama. Babu wanda ya taɓa ni. Har gobe ina gode wa Mai Unguwa da wannan.

Komawar ba zan iya ba da labarinta da kyau ba. Na san na tuƙa da dama kaɗai, hagu tana bin feda kamar ba tawa ba. Na san na ciji hular da ke kaina, don da na iso tana bakina. Ban sauka na tura ba ko taku ɗaya.

Na shiga ɗakin da ƙafata, na ajiye littafin a gaban Hajiya, na tsaya. Ta karanta sa hannun da lokacin. Ta dubi wandona, wanda gwiwa ta cika shi ya ɗame. Ta daɗe tana dubawa.

Malam Nafi'u ya ce, "Ranki ya daɗe, ai kina ganin ƙafar."

Ta ce, "Littafi nake gani. An kai ko ba a kai ba?"

Ya ce, "An kai."

Ta jawo fayil ɗin ta rubuta layi biyu, ta karanta mana. Abin keke ne. Ma'aikacin yana iya aikinsa. Sannan ta miƙa wa Malam Nafi'u hannu ta ce ya ba ni wayata. Da zan fita ta ce, "Malam Inuwa, ka ɗauki hutun kwana uku."

Na ce, "Hutun ciwo yana shiga fayil, ranki ya daɗe."

Ta rufe fayil ɗin. Washegari ƙarfe bakwai da rabi ina bakin sito. Habu ne ya ɗora ni a kan keken a ƙofar gida, yana zagina tun daga zaure har titi. A makon nan ya samo firiwil ya sa.

Ku da kuke aikin yanzu, abin da na koya ke nan. Ofis ba ya ganin gumi, abin da ke rubuce yake gani, don haka kada ku bar littafinku da rami. Na kuma koyi cewa a cikin manya akwai wanda zai taimake ka ba tare da ya kunyata ka ba, irin Mai Unguwa da Hajiya, amma sai ka fara kai takardar. Sarƙar nan da ban ce a cire ba, wauta ce, na sani. In aka mayar da ni ranar, ban tabbata zan roƙa ba.

Na cika shekara talatin da biyar cif. A fayil ɗina an rubuta na kammala, ba a rubuta na gaza ba. Gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba tun daga ranar. Yanzu ina Yakasai, ina tafiya da sanda, ina salla a kan kujera a ƙarshen sahu, kusa da Habu.