Jirin Baturiya a Hawa na Tara

Baturiya ba mace ba ce mai zama wuri ɗaya. Ta yi tuyar awara a Samaru, ta yi wankau a gidajen malamai, ta yi aikatau a Hanwa, ko'ina in ta ga raini sai ta kaɗe zaninta ta yi gaba. Da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, Ƙauna da ƙannenta biyu, dole ta koyi haɗiye magana. A lokacin ne ta samu aikin goge-goge a wani dogon bene na ofisoshi a Sabon Gari, hawa tara, siriri kamar taɓarya.

Shugabar masu shara, Madam Winifred, ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Maman Ƙauna, hawa na tara ne naki. Kuma ki sani, nan ba asibiti ba ne. Wadda ba ta da lafiya sai gida."

To, da farko lafiya lau. Bazara na kamawa, hadari ya fara haɗowa da la'asar, iskar nan da ke gaban ruwa ta taso, sai Baturiya ta ji ƙasa na zame mata. Kai ya juya, zuciya ta tashi. Ta dafa bango har abin ya lafa, ba ta gaya wa kowa a wurin aikin ba. Ina za ta faɗa, a ce ta tafi gida?

Matan gidansu a Samaru kuwa, kowacce likita ce. Suka yanke hukunci: hawan jini ne. Baturiya ta bar gishiri, ta bar dunƙule, ta koma taunar tafarnuwa har 'yan bas suna kawar da kai. Mai kemis ya auna ta ya ce jininta ƙalau, ta ce na'urarsa ce ta lalace. Damina uku tana wannan fama! Ta rame, wuya ya fito. Har ta fara nuna wa babbar 'yarta Ƙauna inda takardun makarantar ƙannenta suke, don ta sa a ranta tafiya ta zo. Tsoro take ji ƙwarai, ga shi ba ta da wanda za ta gaya wa a wurin aiki.

Wata Talata iskar ta zo da ƙarfi, tagogi na kuka. Baturiya ta zube a barandar ciki, idonta ya faɗa kan bokitinta. Ruwan na rangaji shi kaɗai, hagu, dama, ba wanda ya taɓa shi.

Ta ƙwanƙwasa ofishin da ke kusa, na wani injiniya mai suna Oladipo. "Yallaɓai, don Allah zo ka gane mini. Idona ne ko ruwan ne?"

Ya leƙa ya yi dariya. "Mama, ginin ne. Dogon gini yakan ɗan lanƙwasa in iska ta buge shi, kamar giginya. Ba faɗuwa zai yi ba. Wasu ba sa ji, wasu kuma yana sa su jiri."

Wayyo daɗi! Babu wuta, lif a tsaye, amma da gudu ta sauko hawa taran nan kamar 'yar shekara sha biyar. Ta tarar da Madam Winifred a ɗakin tsintsiya tana cin gyaɗa.

"Madam! Ashe lafiyata ƙalau! Benen ne ke motsi!"

Madam ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na sani mana. Ni ma wata biyu na yi a can ina amai, shi ya sa nake ba sababbi wurin. Kowacce takan yi sati biyu ta zo da kuka, in sauko da ita." Ta watsa gyaɗa a baki. "Ke ce ba ki taɓa cewa uffan ba, na ɗauka daɗin wurin kike ji."

Sai Baturiya ta zauna daɓas a kan siminti, ta ɗora hannu biyu a ka, ta fashe da kuka.