Sojan da Yaya Ibro ya bayar

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Ibro, malamin makaranta, wanda ya koya wa rabin unguwarmu a Tawa eshek, darar Turawa. Har yau ina kewarsa.

Lokacin da jam'iyyu suka shigo, kulob ɗinmu na eshek ya tsage biyu. Mutanen da suka sha shayi tare suka daina gaisawa. Allo ɗaya gare mu, Mushe Hamidu kuma (Mushe muke ce wa malamin boko), gwanin ɗaya ɓangaren, ya ce zai kai shi ofishin jam'iyyarsu. In allon ya tafi, kulob ya mutu.

Yaya bai yi gardama ba. "Mushe, mu buga. Wanda yac ci, shi ɗauka."

Aka zauna gindin itacen bedin ƙofar gidanmu bayan la'asar. Yaya ya tura sojan gaban sarauniya, ya ƙara tura na gefensa daidai inda za a cinye shi a banza. Mu da dara aka raine mu, a wurinmu ɗan da aka ci ya tafi ke nan.

Na ce, "Yaya, mi kaka yi?"

"Bar shi shi ci," in ji shi.

Mushe, shi ma ɗan dara ne tun daga ƙauyensu Bambeye, ya cafke. Daga nan ya shiga gadin wannan riba, sai ka ce akuyar gado, dawakinsa na tsaye a gida. Yaya kuwa ya fito da mayaƙansa ya mamaye tsakiya. Kafin magariba sarkin Mushe ya rasa wurin gudu.

Na miƙe zan yi kirari, Yaya ya harare ni. Ya ce allon zai zauna nan gindin bedi, kowa ya zo, amma ya cusa hular jam'iyyarsa a aljihu. Wata biyu Mushe yana fushi, sannan ya dawo.

Yau matasa a waya suke bugawa da baƙin da ba za su taɓa gaisawa ba. Na san da Yaya yana raye, zai yaba iyawarsu, ya tambayi wa ke dafa shayin.

Allon yana hannuna, doki ɗaya ma murfin kwalba ne. Kowace Juma'a ina fito da shi, ko mutum ɗaya ne zai zo, kuma ba zan fasa ba. Mushe Hamidu ba ya fashi, da sandarsa. Ina tura masa sojan Yaya, ya dube ni, ya ce, "Allah shi jiƙan Ibro." Sai ya ci.